Gambo Mai Bugu da Atamfar Shugaba

Duk wanda ya zauna unguwar Nima a wancan lokacin ya san Gambo ba ya kwance ƙunshin wanki sai ya sa hanci. Mai kaya na tsaye zai ɗaga ƙunshin, ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya faɗa maka abin da ba ka tambaye shi ba. "Gidanku an daina cin nama." Ko kuma, "Matarka ta yi yaji, wannan ɗaurin namiji ne." Rabin abin da yake faɗa ba daidai ba ne. Ya taɓa yi wa wani liman barka wai iyalinsa na da ciki, don ya ji warin tsamiya a zane. Zanen tsohuwar liman ne. Mutane su yi fushi, gobe su dawo, don daga Nima har Mamobi babu mai fitar da riga kamarsa.

Ni ne Mamudu, abokin bugunsa. Bugu aikin mutum biyu ne. A shimfiɗa riga mai sitaci kan gungume, ya zauna can, in zauna nan, kowa da gudumar itace, mu yi ta sauke mata har ta yi ƙyalli. Ya girme ni, ina ce masa Yaya, ko da yake shi daga wajen Katsina ya zo, ni daga Bawku. Ban yi karatu ba, magana ma ba ta dame ni ba. Shi yake yin tasa ya yi tawa.

Gambo bai taɓa sayen rediyo ba. Maƙo ne, amma cewa yake, "Me zan yi da akwatin da ba ya tsayawa in ba shi amsa?" Labarin ƙasa a wanki yake jinsa. In ka musa, ya ce, "Wanki ya faɗa mini," magana ta ƙare.

Da aka sami mulkin kai, aka fito da atamfa mai hoton Shugaba. Kowace mace ta saya. A igiyar shanyarmu fuskarsa ce daga wannan bango zuwa wancan, kamar ya zo taya mu aiki. Akwai Mame Dede, 'yar ƙabilar Ga mai sayar da kifi a kasuwar Makola, ita ta fi kowa. Ta kawo nata ta tsaya kan Gambo.

"Ka wanke shi da hankali. Kada sabulu ya shiga idonsa."

"Mame, ke da kika zauna a kansa tun safe fa?"

Ta juya ta duba bayan zanen da ke jikinta, ta ga inda tela ya ajiye fuskar, ta fashe da dariya har ta dafa bango. Duk layin aka yi dariya. A lokacin ana iya yi.

Shekaru suka tafi. Sukari ya ɓace, madara ta ɓace, sabulu sai ka san wani. Mata na bin layi tun safe su dawo da kwando wayam. A bencin Alasan mai shayi kullum gardama ce kan abin da ya sa mutane suka yi sanyi. Wani ya ce 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya don su ɓata gwamnati. Wani ya ce maƙiya ne daga waje ke zuga mutane. Kowa na faɗar abin da in an ji ba za a kama shi ba. Gambo ya kurɓi shayinsa mara sukari ya ajiye kofi.

"Ku dai ba ku wanki. Da, a kai mata ke ɗaura zanen Shugaba ran biki. Ya sauko kafaɗa. Ya sauko ƙugu, zanen shiga kicin. Bara ya zama majanyi, jarirai na masa abin da suka ga dama. Jiya na ga ɗan dako ya naɗe shi ya yi gammo. Ba wanda ya zuga su. Mace ta bi layin sabulu ta dawo ba sabulu, sai ta sauke shi hawa ɗaya."

Na taka ƙafarsa ƙarƙashin benci.

"Mamudu, ƙafata ce wannan."

Ba wanda ya yi dariya. Alasan ya ƙara muryar rediyo, mutane suka tashi ɗai-ɗai, wasu ba su shanye ba.

Don a lokacin an fara ɗaukar mutane. Babu kotu, babu alƙali. Mota ce za ta tsaya a bakin lungu da rana tsaka, mutum biyu su sauko, su kira sunanka da ladabi. Dauda direba ya yi magana kan tsadar taya a tasha, aka tafi da shi. Matarsa ta yi yawon tambaya har ta gaji ta koma Tamale. Akwai kuma wani mai baƙin tabarau da ke yini kusa da famfon unguwa, ba ya ɗibar ruwa. Kowa ya san aikinsa, kowa na gaishe shi.

Na ce, "Yaya, ka rufe bakinka."

"Ni na ce wani abu? Zane ne ya faɗa."

"Ba zane za su ɗauka ba."

Sai aka ji ƙarar bam a cikin gari, aka ce Shugaba aka nufa. Motar ta riƙa zuwa kusan kullum. Ba a jima ba atamfar ta dawo. Igiyarmu ta sake cika da fuskarsa, har ta fi ta farko. Gambo ya tsaya yana duban igiyar. Ya ce, "Na yi kuskure, Mamudu. Sun sake sonsa. Tausayi ya fi sabulu." Ya tsani a ce ya yi kuskure, ko tuwo bai ci ba. Washegari ya ɗauki zanen Mame Dede ya shinshina, ya ɗauki na wata, ya ɗauki na uku. Fuskarsa ta washe.

"Kafur. Duk warin akwati suke. Ina gumi? Wanda ke son mutum rawa yake a cikin zanensa har ya jiƙe. Waɗannan sawa ake a wuce ta gaban famfo, a dawo a cire."

Murna yake ya ci gardama. Ni na waiga wajen famfo, don da ƙarfi ya faɗa.

Abin da ya kai mu ƙasa ba bakinsa ba ne, aikinmu ne. Ciyaman ɗin jam'iyya na unguwa, Alhaji Seidu, ɗan kasuwar shinkafa ne. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. An ce manya za su zo taro a filin unguwa, ya sa aka ɗinka masa babbar riga da atamfar Shugaba, fuska a ƙirji, fuska a baya, fuska a kowace kafaɗa. Ya kawo mana da kansa.

"Ina so ta yi ƙyalli kamar shadda."

"Alhaji, atamfa guga ake mata."

"Guga kowa na yi. Ni ina so a hango ni daga kan dakali."

"To, bugu ke nan."

"Ku yi abin da za ku yi."

Muka sa sitaci, ta sha iska, muka shimfiɗa a gungume a bakin hanya, inda muke aiki kullum. Ya sauke, na sauke. Wallahi ni riga nake gani. Hannu ya saba, ba ya tambayar hoton wa ke ƙasa. Sai na ji layin ya yi tsit. Mai koko ta ɗauke tukunyarta. Na ɗaga kai, ga mai tabarau tsaye, yana kallon ƙartai biyu na dukan fuskar Shugaba da guduma a bainar jama'a.

Da yamma aka kira mu ofishin unguwa da rigar. Wani mai kwat ya zo daga cikin gari, tafinta na gefensa. Alhaji Seidu na tsaye, gumi har gemu.

Mai kwat ya ce, "Wa ya sa ku?"

Alhaji ya riga mu. "Ƙyalli na ce. Ban ce a doki kowa ba."

Aka juyo kan Gambo. "Ka doki fuskarsa?"

"Na doka. Ranka ya daɗe, duba wannan kuncin da muka gama, ka duba wancan da ba mu kai ba. Wanne ya fi lafiya?"

Tafinta ya tsaya, ya dube ni, kamar ni zan cece shi. Sannan ya faɗi wani abu gajere da Turanci. Ban san me ya ce ba, amma ya fi na Gambo gajarta, kuma har yau ina sa masa albarka. Mai kwat ya yi tunani. In ya ce a bar rigar, ciyaman ba shi da ta taro. In ya ce a ci gaba, da bakinsa ya ba da izinin duka. Shi ma tsoro yake ji, na gani a yadda yake juya alƙalami. Ya yanke cewa a ƙarasa bugu, amma kada guduma ta taɓa fuska, wadda aka riga aka buga kuma a jiƙa ta ta koma yadda take.

A hanya na ce, "Yaya, mu bar garin nan yau."

"Da rigar mutum a hannu? Ban taɓa ba."

Muka ƙarasa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, muna zagaye kowace fuska kamar masu shara a gefen mai barci. Aikin ya yi kyau, matsalar ke nan. Ran taro Alhaji ya hau dakali, rana ta doki rigar tana walƙiya, sai fuskokin nan huɗu suka fito dishi-dishi, a yamutse, kamar wanda ya tashi daga jinya. Mutane suka duba suka sunkuyar da kai. Can baya wata mata ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata, guda ɗaya, ta toshe baki. Duk filin ya ji.

Washegari bayan azahar motar ta tsaya a bakin lungunmu. Muna guga. Suka kira sunansa, suka kira nawa. Na ajiye dutsen guga. Gambo ya miƙe ya nuna ni da haɓa.

"Wannan? Ku bar wahalar da kanku. Baƙauye ne, inda na nuna yake sauke guduma. Shekara nawa muna tare, bai san fuskar wa ke kan zanen ba. Ya ɗauka ɗan dambe ne."

Suka dube ni. Na buɗe baki kamar wawa, ban sha wuyar yi ba. Ɗaya ya yi tsaki, suka kama hannun Gambo. Ya kai bakin mota ya waiwayo, na ɗauka sallahu zai bari.

"Mamudu, kashe gawayin dutsen nan, kada ya ci banza."

Bayan nan ba mai kawo wanki. Waɗanda muka yi wa kayan aure da na suna suna ganina su canja hanya. Na koma dako a Makola. Ban je tambayar inda yake ba, don mai tambaya shi ma ana tambayarsa. Kullum da buta da bargo a bakin ƙofata, ko za su tuna da ni.

Ran da soja suka karɓi mulki gari ya fito titi. Mutanen da na gani suna tafi a filin taro su ne ke yaga atamfa suna rawa. Mame Dede ta rantse mini ba ta taɓa mallakar ko ƙyalle ba.

Aka buɗe gidajen yari. Gambo ya dawo a ƙafa, haƙoransa na gaba babu, rigarsa ta yi masa yawa. Unguwa ta taru, har Alhaji Seidu da kwanon shinkafa. Aka ce, "Ka ji labari a ciki?"

"Ni na riga ku sani. Wankin gandirobobi suka sa ni. Da na ga sun fara cusa kayan gida cikin ƙunshin kaki, kowa na son nasa a goge a ajiye kusa, na ce wa na kusa da ni ya fara neman takalminsa."

Aka yi dariya sosai. Shi ma ya yi, hannu a baki.

Amma bai sake riƙe guduma ba, ƙarfin hannunsa ya tafi. Na sami wani abokin bugu, shi kuma ya zauna gefe kan tabarma yana ce mana mun ɓata sana'a. Ƙunshi ma ya daina shinshinawa a gaban mutane. In mota ta tsaya a bakin lungu, ko ta gawayi ce, sai ya yanke magana a tsakiya, ya laluba butarsa, ya fara miƙewa. In ɗora hannu a gwiwarsa in ce, "Yaya, ba taka ba ce." Ya koma ya zauna, ya ce dama alwala zai yi. Haka muka yi har damina biyu, sannan ya kwanta, bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Gambo, ya yafe masa bakinsa, ya saka masa da alheri kan zagin da ya yi mini a gaban motar nan. Allah ya sa inda yake ya zauna ya ƙarasa maganarsa, ba abin da zai tsaya a bakin lungu. Amin.