Tabo Uku da Na Buga Kafin In Gama Walda

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Habu, mijin yayata Hadiza, wanda ya koya mini walda a shagonsa da ke Kazaure. Zan fara da abin da ya kamata in faɗa tun ranar da aka binne shi: laifina ne. Na san babu mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare, amma sanadin daga hannuna ya fito, kuma na bar mutane suka ɗora wa mamaci abin da ni na aikata.

Ban yi karatu mai nisa ba. Daga firamare aka kai ni wurinsa, don haka masu karatu su yi haƙuri da yadda zan jero maganar.

Aikinmu a lokacin shi ne hasumiyar tankin ruwa, irin doguwar ƙafar ƙarfen nan da ake ɗora wa tanki a gefen rijiyar burtsatse, sai kuma rufin manyan sito. Yaya Habu yana da wata ɗabi'a da ya koyo lokacin da ya yi aiki da wani kamfanin gini a Kano. Duk ƙarfen da mutum zai hau, sai ya lanƙwasa rodi mai kauri ya yi zobe, ya walde shi a jikin ginshiƙi, wurin da za a maƙala ƙugiyar igiyar da mutum ya ɗaura a jikinsa. Kunne muke kiransa. Wasu masu walda sukan yi irinsa don su ɗaga ƙarfe, in an gama su yanke abinsu. Shi ba ya yankewa. Yakan ce mu da muka gina za mu sauka mu tafi, amma akwai mai fenti, akwai mai gyaran famfo, akwai wanda za a tura ya wanke tanki bayan shekaru, kuma duk suna da 'ya'ya.

An yi masa dariya sosai. Abokan sana'a suna hawa da silifas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da sandar walda, suna ce masa mai wa'azin igiya. Bai taɓa damuwa ba. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Idan an gama walde kunne, an zagaye shi gaba da baya, ya huce, an kankare dattin, an dake shi da guduma bai motsa ba, sai a ɗauki ƙusar kankare a buga tabo uku a jikin ƙarfen da ke kusa da shi. Tabon nan sa hannu ne. Ko fenti ya rufe waldar, mai hawa zai shafa da yatsa ya ji su, ya san zai iya ba wa wannan kunne ransa.

Tsakanina da shi akwai wasan nan na ƙanin mata da mijin yaya. Bai taɓa kiran sunana ba. "Autan Hadiza," yake cewa, "sauko ka sha ruwa, kada ka narke a ce na kashe wa matata ɗan lele." Ni kuma in ce masa ai tuwon gidanmu ne ya sa ya yi wuya. A gaban mutane yakan tsokane ni da cewa waldata kamar kashin kaza take. Ina dariya, amma abin yana cina, kuma babu abin da nake gudu kamar ya kama ni da kuskure.

Abin ya faru ne a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa. Mun kusa gama hasumiya, saura kunne na ƙarshe a can sama, gefen da tanki zai zauna. Yawanci shi yake yin na sama da kansa, amma ranar ya tafi duba wani aiki, ya bar ni. Na riƙe kunnen da ɗigon walda biyu don ya tsaya daidai kafin in zagaye shi, sai janareta ya mutu, mai ya ƙare. Rana ta yi zafi, ƙarfe yana ƙona tafin ƙafa. Na ce gobe da safe zan cika shi. Guduma da ƙusa suna cikin jakata, sai na yi tunanin me zai sa in sake hawa da su gobe. Na buga tabo uku, na sauko.

Washegari ya ce in wuce Babura, akwai rufin sito da ake jira. Ya tambaye ni yana ɗaure kaya a bayan babur: "Auta, sama ta kammala?"

Na ce ta kammala.

Mai fenti ya zo bayana ya shafe komai da jan fenti. A Babura na tuna, na ce in mun dawo zan leƙa. Muka dawo, damina ta sauka, hanyar ta lalace. Na ce in rani ya yi. Rani ya yi, sai na ga babu yadda zan ɗauki janareta in tafi ƙauyen ba tare da ya tambaye ni dalili ba. Haka abin ya kwanta a raina har na saba da nauyinsa.

Bayan kamar shekara biyu aka aiko cewa tankin yana yoyo. Da safe Yaya Habu ya shigo shago ya ɗauki igiyarsa ya ce can za shi. Ba zan ce ban tuna ba. Na tuna. Maganar ta zo har bakina, sai na hango yadda zai kalle ni, da yadda zancen zai kai ga Yaya Hadiza, da yadda za a yi shekara ana tsokanata da shi. Na ce wa kaina ai yoyo a ƙasan tanki yake zama, ba zai kai ga wancan gefen ba. Abin da na ce masa kawai shi ne a dawo lafiya.

Waɗanda suke wurin sun ce ya shafa ƙarfen da yatsa kafin ya maƙala ƙugiya. Daga nan ya jingina baya don ya leƙa ƙarƙashin tanki. An same shi a ƙasa da igiya a jikinsa, kunnen yana maƙale a bakin ƙugiyar.

A wurin zaman makoki na ji wani yana faɗa wa na kusa da shi a hankali cewa mai wa'azin igiya, ga shi aikin hannunsa ne ya kayar da shi. Kowa ya san kunnen sama shi yake yi da kansa. Ina zaune a kan tabarma ɗaya da su, ina karɓar gaisuwa, ban ɗaga kai ba.

Daga ranar na shiga wani ɗaki da ni na gina shi. Shagon ya dawo hannuna. Na riƙe 'ya'yansa, na tsaya a kan makarantarsu, aka riƙa nuna ni ana cewa ga ɗan halak. Duk yabon da aka yi mini sai ya ƙara toshe mini hanyar magana, domin a shekarar farko abin da zan faɗa kuskure ne, a ta biyar kuwa ya zama kuskure da ƙaryar shekara biyar. Na bi duk hasumiyar da muka taɓa yi daga Roni har bakin iyaka, na daki kowane kunne da guduma, na koma ƙauyen nan na walde sabo. Mutane suka ce ina gyara ɓarnar maigidana ne, suka ƙara yaba mini. Ko wannan ban musa ba.

Mai garin ƙauyen ya aiko wa Yaya Hadiza da kayan aikinsa a buhu, har da kunnen. Ta raba sauran kayan, shi kuma ta rataye shi a ƙusa a bangon ɗakinta. Kowace Juma'a bayan masallaci a ɗakin nake cin abinci, kuma inda take shimfiɗa mini tabarma yana fuskantar bangon. Sau ɗaya na ce mata ta ba ni in jefar. Ta ce, "Bar shi. Na zauna da mutumin nan ban taɓa ganin ha'incinsa ba, ko a awon hatsi. Wannan ne kaɗai abin da na kasa ganewa." Na ci tuwon har na suɗe hannu.

Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce da ya ga yau. Yanzu kusan kowace unguwa akwai tanki da faifan sola a samansa, ga dogayen ƙarafan waya, ga manyan rumfuna. Igiyar ɗaure jiki da shi sai ya je Kano yake samu, yanzu ana rataye ta a shagunan kayan gini. Amma sau da yawa za ka ga mutum ya sa ta a jiki, ya hau, ya rasa inda zai maƙala, sai ya zagaya ta a bututun ruwa ko ya bar ta tana reto. Ina jin da zai tsaya a ƙasa ya riƙe ƙugu ya ce an sayi linzami an manta da turke. Kuma da zai ji ciwo in ya san cewa duk lokacin da na ce wa mai aiki a sa kunne, akwai mai tuna mini yadda mai kunnen ya ƙare.

A daminar da ta wuce wani mai gyaran famfo ya zame a kan wata tsohuwar hasumiya da muka yi a Roni. Ya yi reto a iska a jikin igiyar da ya maƙala a kunne har aka kawo tsani, kunnen bai ko motsa ba. Ya zo shago da ƙafarsa yana neman wanda ya yi aikin. Na ce masa ya rasu. Wani maƙwabcinmu mai faci ya yi dariya ya ce, "Ashe dai ba duka ya ha'inta ba."

Ranar Juma'a na kai wa Yaya Hadiza labarin, ina zaton zai faranta mata. Ta yi hamdala, sannan ta ɗaga kai ta kalli bango.

"To shi wannan fa, Auta?"

Ban san abin da ya bambanta wannan ranar da sauran ba. Wataƙila na gaji ne kawai. Na ture kwanon gefe na gaya mata komai.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta cire kunnen daga ƙusa ta ajiye a kan tabarma kusa da gwiwata. Ta ce ba ita kaɗai zan gaya wa ba, tunda ba a cikin ɗaki aka ɓata sunansa ba. Shi ya sa na yi wannan rubutu. Har yau ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce kada in zo ba. 'Ya'yan sun ji, babban bai ɗauki wayata ba tun ranar, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya rage na Yaya Habu yana nan a sama, a wuraren da ba a kallo daga ƙasa. Duk wanda ya hau tsohuwar hasumiya a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, ya shafa ya ji tabo uku, to ya sani mutumin da ya kawo wannan ɗabi'a bai taɓa buga su a kan ƙarya ba. Sau ɗaya aka yi, kuma ba shi ya yi ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa maimaita wancan zance ya janye shi, ya yi masa addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.

Ga abin da na ce mata, ina durƙushe, kamar yadda ya fito:

"Yaya, ba shi ya walde shi ba, ni ne. Ban gama ba na buga tabon. Ya tambaye ni na ce na gama. Ranar da zai tafi ma na tuna, kunya ta hana ni magana. Mijinki bai taɓa ha'inci ba, ya yarda da ƙaninki ne. Na ci abincinki shekara goma sha ɗaya ina kallon kina zarginsa a ranki. Ban cancanci ki yafe mini ba, amma ina roƙonki, don Allah, ki yafe mini."