Inda Yaya Habu Ya Sa Tafkin Dagwalo

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Injiniya Habu, Allah Ya jiƙansa. Bana na tuna da shi raina a dagule.

Shi wani kamfani ya ba aikin zana masana'antar da za ta riƙa niƙa dutsen tagulla tana wanke shi, a wani fili tsakanin Kwandiko da Sara. Da rani aka ba shi aikin, ya ce ba zai ja layi ko ɗaya ba sai damina ta faɗi. Muka yi ta tsokanarsa a gidanmu na Birnin Kudu, wai injiniya ya koma manomi, yana jiran ruwan shuka. Da ruwa ya sauka kuwa, ya naɗe ƙafar wando ya bi kowane kwari yana duba inda ruwa ke nufa. Ya dawo jiƙe sharkaf ya ce mini, "Ladi, injin niƙa ko'ina aka ajiye shi zai yi aiki. Dagwalon da ke saura bayan wanki shi ne abin tsoro." Don haka ya sa tafkin dagwalon can bayan tudu, nesa da fadama da rijiyoyin mutane.

Aikin ya kwanta bayan rasuwarsa, sai bana wasu suka farfaɗo da shi. Da rani suka zo, suka tarar da wani kwari a bushe, ga sauƙin haƙa, suka mai da tafkin can. Sauran zanen ba su taɓa ba, har sunan Yaya yana nan a ƙasan takardar. Kwarin nan kuwa, da damina ta yi nisa, kai tsaye yake zuba cikin fadamar da ake noman shinkafa, ake shayar da shanu. Da Yaya yana raye, na san da ya tsaya a gaban motar haƙa har sai an saurare shi.

Na je Kwandiko na sami Baba Idi, dattijon da ya raka shi yawon kwaruruka. Na ce, "Baba, kun ga inda ake haƙa?"

Ya ce, "Mun gani, 'yata. Amma an ce mana zanen Injiniya ne. Wanda ya bi ruwa da ƙafarsa ba zai cuce mu ba."

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo. Yaya bai bar gida ko gona ba, yardar mutanen nan kawai ya bari, ga shi yau ita ce ta hana su buɗe baki.

Na ce, "Baba, ba nan ya sa tafkin ba."

Ya juya ya kalli wajen kwarin, ya ce, "To wa zai faɗa wa masu aikin, tunda shi ba ya nan?"