Makullin Waya da Kokawar Baba

Har yau in na ga ɗan hoton makullin nan a saman fuskar wayar wani, sai raina ya ɓaci. Shi ne alamar da waya ke nunawa in an kunna VPN, manhajar nan da ke ɓoye inda kake, ta sa intanet ta ɗauka kana wata ƙasa. A Jibiya, a shekarun da nake magana, makullin nan abin kunya ne. Mutanenmu sun yanke hukunci tun kafin su san aikinsa: duk mai makulli a waya batsa yake kallo. A majalisa, kafin mutum ya gama amsa sallamarka ya riga ya leƙa saman wayarka. Ni ma na sha leƙa na wasu, ba zan yi ƙarya ba.

Aikina a lokacin cike wa direbobi takardu ne a bakin iyaka, ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da 'yan kwastan. Gidanmu yana Daddara. Babanmu tsohon ɗan kokawa ne, wanda ya yi kaye a Riko da Mazanya har cikin ƙasar Maradi. Da shari'a ta zo, ina ɗan saurayi, yayana ya shiga kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa, kuma da gidanmu ya fara gyaran. Ya tattara layun Baba da gurayensa da warkinsa ya cinna masu wuta a tsakar gida. Ya sa shi ya miƙe a masallaci bayan la'asar ya ce ya tuba da kokawa, da kiɗanta, da kallonta. Mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ɗan cikinsa ya tsayar da shi a gaban jama'a. Ban yafe wa Yaya wannan ba, kuma shi ma ya san ban yafe ba.

Shekaru suka ja, ƙafafun Baba suka mutu, kunnensa ya yi nauyi. Rediyo ya daina yi masa amfani, amma idonsa garau. Wata rana ina gyara masa matashi sai ya riƙe mini hannu.

"An ce yanzu komi ana gani cikin waya," in ji shi. "Har kokawar Nijar, wadda ake ba da takobi?"

"Ana gani, Baba."

"To ina son in gani. So guda. Amma kada wancan ya ji."

Bai ambaci sunan Yaya ba. Ya daɗe da daina ambatar sa.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ina! Tashar da ke nuna kokawar a intanet ta rufe ƙofa ga mutanen wannan ɓangaren. Kana dannawa sai ta ce ba a kallo a ƙasarka. Ka ji rainin hankali. Daga rumfata ina hango tutar Nijar, ina jin jandarmomi, jami'an tsaronsu, suna tsawa da Faransanci, rabin danginmu suna can, amma waya ta ce mini ni baƙo ne. Ina da layin Nijar kamar kowa a iyaka, sai dai ba ya kamawa a Daddara, balle a ƙuryar ɗakin Baba.

Wani direban tirela ɗan Maradi, wanda nake cike wa takardu, shi ya ba ni dabara. Ya ce ƙanensa yana Faransa kuma yana kallo lafiya lau. In na sa VPN na zaɓi Faransa, ƙofar za ta buɗe. Ya faɗi haka da ƙarfi a cikin mutane, na ce masa don Allah ya rage murya.

Sai zancen wacce zan zaɓa, don sun fi a ƙirga. Na rasa wanda zan tambaya a cikin mutanenmu, tambayar kanta laifi ce. Sai na je wurin wata ma'aikaciyar lafiya, Kirista 'yar kudancin Kaduna, mai duba katin rigakafin matafiya. Madam muke ce mata. Ita makullinta a fili yake, tana kallon wa'azin cocinsu da shi, ba wanda ya isa ya ce mata uffan.

Ta karɓi wayata ta nuna mini iri biyu. Akwai wadda ake biya, sai ka ba su adireshinka na imel da katin banki. Akwai ta kyauta, ba ta tambayar ka komai.

"Ka ɗauki ta biya, Malam," in ji ta. "Ta kyautar nan ba don Allah suke ba ka ba. Talla za su cika maka waya da shi, kuma ba kai za ka zaɓi tallan ba."

Na yi mata dariya a raina. Ni da nake neman sirri, in ɗauki sunana da katin bankina in miƙa wa wasu mutanen da ban sani ba? A wurinmu mai rufa maka asiri shi ne wanda ba ya tambayar sunanka. Da wannan wayon nawa na sauke ta kyauta. Madam ta taɓe baki ta ce, "To, ka ji da shi."

Kwana biyar abin ya yi daɗi. Ana fara kokawa da yamma, daidai lokacin da Yaya yake zaman kwamiti. Sai in rufe rumfa da wuri, in hau mashin zuwa gida, in shige ɗakin Baba in saki labule. In kashe sautin wayar don kada a ji kalangu, shi dama ba ji zai yi ba. In jingina ta da kwanon sha a kan cinyarsa. Wallahi ban taɓa ganin Baba haka ba. Kafaɗunsa suna motsi, yatsunsa suna damƙar bargo, yana zagin 'yan kokawa ƙasa-ƙasa.

"Dubi wanga sakarai! Ka ba shi ƙafa, ka ba shi ƙafa! A zamaninmu da tuni ya ci ƙasa."

Akwai wani ɗan Maradi, gajere mai faɗin ƙirji, wanda Baba ya ɗauka nasa. Ya ce riƙonsa irin na kakanmu ne. Kullum ya yi kaye sai Baba ya share hawaye da bakin riga ya ce hayaƙin kicin ne.

Tallan da Madam ta faɗa yana zuwa. Hoton ya tsaya, wani abu ya rufe fuskar wayar, caca ko maganin ƙiba, in yi sauri in danne. Sau ɗaya wata mata ta fito da kayan da ba su kai kaya ba, na kife wayar kafin Baba ya gani. A ranar ya kamata in koma wurin Madam in ce ta yi gaskiya. Girman kai ya hana ni.

Ranar ƙarshe ɗan Maradin nan ya kai karon takobi, shi da wani dogo ɗan Tawa. Baba ko abincin rana bai ci ba. Sun shiga fili, sun yi tsaye suna auna juna, ɗan Maradi ya kai hannu ya kama cinyar dogon. A daidai nan hoton ya tsaya, talla ya rufe shi. Kuma a daidai nan aka yaye labule. An tashi zaman kwamiti da wuri.

Ba zan faɗi abin da ke kan wayar ba. Mace ce, kuma ba caca take talla ba. Yaya ya fizge wayar daga cinyar Baba, ya duba, ya ga makullin a sama, ya yi salati da ƙarfin da maƙwabta za su ji.

"A gaban mahaifinka? La'ananne! A ɗakin tsoho marar lafiya ka zo ka ɓuya kana kallon ƙazanta?"

"Yaya, ba ni wayata. Ba abin da kake zato ba ne."

"To mene ne? Faɗi mana!"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, amma ba tawa ba ce. In na ce kokawa, na tona asirin mutumin da ya rantse a masallaci ya bar ta. Na juya na kalli Baba. Shi zai faɗa. Shi ya aike ni. Uba ne, gidansa ne, in ya ce "ni na sa shi" magana ta ƙare.

Baba ya rufe ido ya juya fuska ga bango. Barci ya yi, wai.

Yaya ya fita da wayar a sama kamar ya kama ɓarawo. Kafin magariba an gan ta a ƙofar masallaci da wurin mai shayi. Washegari na zauna gaban kwamiti, dattawa biyar suna yi mini nasiha, ina kallon tabarma. Surukina ya aiko a tambaye ni ko gaskiya ne. Matata ta yi kwana uku ba ta haɗa ido da ni ba. A bakin iyaka 'yan dako suka raɗa mini suna Malam Mai Makulli, kuma har na bar aikin sunan bai bar ni ba. Madam kaɗai ta san gaskiya, ta ce za ta je ta yi bayani, na hana ta. Shaidarta a gaban kwamitin Yaya ƙara mini laifi za ta yi.

Direban nan ya shigo bayan kwana biyu yana ta busa ham tun daga duwan, kwastan ɗin Nijar. Murna yake yi, ɗan kokawar Maradin nan ne ya ɗauki takobi. Da wannan kamun cinyar da muka gani ya ɗaga dogon ya maka shi da ƙasa.

Da yamma na shiga yi wa Baba alwala, don aikina ne, fushi bai sauke mini shi ba. Na durƙusa ina wanke masa ƙafa. Ya dubi ƙofa, ya ga ba kowa, ya sunkuyo.

"Wa ya kayar?"

Ba "yi haƙuri" ba. Ba "ya ka ƙare da su" ba. Wa ya kayar.

Na kai bakina kusa da kunnensa na ce, "Tambayi Yaya."

Ya sake tambaya bayan mako guda, na ba shi amsar nan. Ba shi da wani wanda zai tambaya. Duk mai zuwa gaishe shi tare da Yaya yake shigowa, kuma mai tuba ba ya tambayar labarin kokawa. Na san haka sarai, shi ya sa na yi. Ina so ya ɗanɗana yadda shiru yake a bakin wanda ka dogara da shi. Na ce a raina sai ya ce mini ya yi kuskure, ko da kalma ɗaya, sannan in faɗa masa.

Karo na uku bai ma buɗe baki ba, ido kawai ya ɗago ya kalle ni. Na ɗauki butata na fita.

Ya rasu kafin ruwan farko, da hantsi, ina bakin iyaka ina cike takardar motar albasa. Ni da Yaya muka sa shi a kabari, shi ta kai ni ta ƙafa. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don idon mutane.

Da jama'a suka juya za su tafi, na tsaya kamar ina gyara ƙayar da aka rufa a kan kabarin. Na durƙusa ta wajen kansa, na ɗaga murya yadda na saba saboda kunnensa.

"Ɗan Maradi ne, Baba. Da kamun cinya."

Yaya ya waiwayo daga nesa ya ce in taso, ba a surutu a maƙabarta.