Ɗan'azumi Mai Fenti da Allon Rijiya

A shekarar da soja suka miƙa mulki, 1999, Malam Ɗan'azumi mai fenti yana da shekara hamsin da takwas. Ashirin da biyu daga ciki a rumfa ɗaya ya yi su, a wani layi na Gyadi-Gyadi. Rumfar ta kwano ce, gabanta yana bakin titi, bayanta kuma ya jingina da katangar masallacin layin. Aikinsa rubuta allunan shaguna: na tela, na kemis, na mai ɗaukar hoto, da na masu ba ɗaliban asibitin koyarwa hayar ɗaki.

Hannunsa yana da kyau, amma ba hannun ne ya sa aka san shi ba. Abin da aka san shi da shi shi ne ba ya rubuta abin da bai gani ba. Wani mai kemis ya taɓa cewa a sa masa "Dakta" a gaban suna. Ɗan'azumi ya ce ya kawo takardar likitancin ya duba. Takarda ba ta zo ba, allo ya fito da "mai sayar da magani". Wata mai abinci ta ce a rubuta mata cewa tuwonta ya fi na kowa daɗi a Kano. Ya je ya ci malmala biyu, ya ce lallai tuwon ya yi, sai dai shi bai ci na duk Kano ba. Aka tsaya a kan "tuwo mai daɗi", matar kuma ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarsa.

Bai taɓa yankar katin jam'iyya ba, bai kuma shiga ƙungiyar addini ko ɗaya ba, duk da an sha nemansa. Salla ba ta wuce shi, amma inda lokaci ya same shi nan yake yi, ko bayan wane limami ne. Idan aka tambaye shi ɓangarensa, sai ya ce yana ɓangaren da aka fara tayar da iƙama. Matarsa Ummukulsum takan ce ita ta auri mutumin da ko ita ce ta ce an yi ruwa, sai ya leƙa tsakar gida.

A bazarar 1998 famfon layin ya yi wata uku babu ɗigo. Hajiya Saude, dattijuwar da gidanta yake ƙarshen layi, ta yarda aka rushe kusurwar katangarta aka haƙa rijiya a wurin. Aikin gayya aka yi. Anayo, bakaniken da yake haya a layin, garejinsa kuma yana Tarauni, ya kawo injin janye ruwa ya bar shi kwana tara. Sista Morenike, ma'aikaciyar jinya, ta kawo maganin tsabtace ruwa ta nuna wa mata yadda ake zubawa. Kwamitin masallaci ya ba da guga da igiya, shugabansa Malam Mu'azu ya yi addu'a ranar da aka fara ɗiba. Ɗan'azumi da kansa ya yi kwana huɗu yana kwashe ƙasa da kwanon gini. Saboda haka babu abin da ya shafi rijiyar nan da bai gani da idonsa ba.

Da farar hula suka hau, unguwar ta samu kansila, wani matashi mai suna Lawan, wanda aka haifa gida uku daga rumfar. Lawan ba mugu ba ne. Yana da zafin nama, yana kuma son a ga ya fara aiki. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka yi wa rijiyar murfin kankare, aka shafa mata farar ƙasa. Sai ya shirya bikin buɗewa ranar wata Asabar, ya gayyato manya daga ofishin ƙaramar hukuma.

Ranar Litinin kafin bikin ya zo rumfar da mutum biyu a bayansa. Ya durƙusa ya gaida Ɗan'azumi kamar yadda ya saba tun yana yaro, sannan ya miƙa takardar abin da yake so a rubuta masa a allon rijiyar. An rubuta cewa wannan rijiya aikin mai girma kansila ce, ribar mulkin farar hula.

Ɗan'azumi ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, murfin ka yi ko rijiyar?"

"Haba Baba, ai duk ɗaya ne. Rijiya ba murfi ai rami ce."

"To sai in rubuta ka mai da rami rijiya. Amma shi ramin, lokacin da ake haƙa shi kana Hotoro kana kamfe."

Mutanen da suka rako shi suka yi dariya, sai suka tuna wanda suka rako, suka haɗiye. Lawan ya tashi ya kakkaɓe gwiwa. Bai ɗaga murya ba. Ya dai ambata cewa ofis yana shirin tsabtace bakin titi, kuma rumfunan da ba su da takarda su za a fara da su, shi ne yake ta rufa wa wasu asiri. Ɗan'azumi ba shi da takarda. A shekarar da ya kafa rumfar ba wanda yake tambayar takarda.

Washegari bayan azahar Malam Mu'azu ya zagayo. Sa'o'in juna ne, tare suka yi makarantar allo, kuma kullum shi yake shan ruwan randar rumfar. Labarin allon kansila ya iso masa, bai ji daɗi ba. A ganinsa ruwa sadaka ce, sadaka kuma ta masallaci ce, bai kamata ɗan siyasa ya hau kanta ba. Ya kawo tasa takardar: wannan rijiya sadaka ce mai gudana daga kwamitin masallaci. Ya ƙara da cewa ba sai an sa sunayen mutane ba, musamman waɗanda ba sa cikin sahu.

Ɗan'azumi ya gane wa ake nufi. Ya tambaye shi ko injin Anayo ya tsaya tambayar addinin ruwan kafin ya janye shi. Malam Mu'azu ya ce ba wasa ya kawo shi ba, shawarar kwamiti ce, mutum goma sha ɗaya suka zauna. Ya kuma tuna masa cewa an daɗe ana maganar faɗaɗa wurin alwala, kuma katangar da rumfar ta jingina da ita ita za a fasa. Shi ne yake ta cewa a dakata saboda zumunci.

"Malam," in ji Ɗan'azumi, "ranar da za a tambaye ni abin da hannuna ya rubuta, ba za a kira mu mu goma sha biyu ba. Ni kaɗai za a kira. Kansila ma ba zai raka ni ba."

Malam Mu'azu ya sha ruwan randa kamar kullum, ya tafi ba sallama.

A gida Ummukulsum ta faɗa masa nata ra'ayin ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce gaban rumfa yana hannun gwamnati, bayanta yana hannun kwamiti, shi kuma ya zaɓi ya ɓata da duka biyun a mako ɗaya, abin da ko mahaukaci sai ya raba shi wata biyu. Ta ce ya rubuta ɗaya daga ciki mana, ko gaba ko baya ya tsira. Ya ce rumfa ba ta tsayawa da rabi. Ta ce to ai ba ta tsayawa da babu. Daga nan ta zuba masa abinci, ta ƙara masa nama, abin da takan yi idan ta san ba zai ji maganarta ba.

Ranar Laraba ya ɗauko wani allon katako da ya ajiye, ya shafa masa farin fenti. Alhamis ya yi rubutun da shuɗi, Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Layi bakwai ne. Hajiya Saude ta ba da fili. Mazan layi sun haƙa. Anayo ya ba da inji kwana tara. Sista Morenike ta kawo maganin ruwa. Kwamitin masallaci ya ba da guga da igiya. Malam Mu'azu ya yi addu'a. Kansila Lawan ya yi murfi da farar ƙasa. Duk haruffan girmansu ɗaya, ya auna da rula. Bai sa sunansa ba. Ya ce yana cikin mazan layi.

Ya kai wa Hajiya Saude ya karanta mata, don ba ta yi boko ba. Ta sa ya maimaita layin farko. Sannan ta ce a buga shi a katangarta, tunda ita katangar ba ta kansila ba ce, ba kuma ta kwamiti ba, ta marigayi mijinta ce.

Asabar aka yi biki. Kansila ya sa wani mai fenti daga Unguwa Uku ya yi masa babban allon ƙarfe, an kafa shi gaban rijiyar da ƙyalle a kai. Kwamiti ya rataya nasa rubutun a jikin yadi. Aka yaye ƙyalle, aka tafa. Sai ɗaya daga cikin manyan baƙin ya hango ƙaramin allon katanga, ya matsa ya karanta har ƙarshe, ya tambaya wane ne Anayo. Aka nuna shi can baya da kayan aiki duk baƙin mai. Baƙon ya je ya ba shi hannu. Lawan ya yi murmushin da ya kamata.

Takardar tashi ta zo ranar Talata, wa'adin kwana bakwai. A ranar Laraba magina suka zo auna katangar masallaci. Ɗan'azumi bai je roƙon kowa ba. Anayo ne ya zo da kansa ya ce akwai wuri a gefen garejinsa a Tarauni, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, in dai Malam Ɗan'azumi zai iya jure ƙarar guduma. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, a sabunta masa allon gareji. Ɗan'azumi ya ce zai yi, amma "ƙwararre a kan kowace irin mota" da yake kan tsohon allon ba zai koma ba. Anayo ya ce shi dama ya san haka za a yi.

Ranar Asabar da safe suka kwance rumfar. Kwano goma sha huɗu ne, wasu sun ci tsatsa har ana hango sama ta cikinsu. Ana cikin lodi a motar Anayo sai ga Malam Mu'azu. Bai ce komai a kan kwamiti ba. Ya naɗe hannun riga ya ɗauki gwangwanayen fenti biyu, ya ce wa Ɗan'azumi, "Kai mutum ne mai taurin kai tun muna yara." Ɗan'azumi ya ce wannan ya gani da idonsa, zai iya rubutawa. Lawan bai zo ba, amma ya aiko da lemo katan ɗaya, ba tare da saƙo ba. Ummukulsum ta ce a sha, lemo bai yi laifi ba.

Kafin la'asar sabuwar rumfa ta tsaya a Tarauni. Ta fi tsohuwar ƙanƙanta, ƙarar guduma kuma ta fi yadda aka faɗa. Daga gida zuwa can tafiyar minti ashirin da biyar ce a ƙafa, ya ce dama likita ya ce ya riƙa tafiya. Ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin kafin idonsa ya raunana ya ajiye burushi.