Jan fitsari ba girma ba ne

Salamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu suna cewa na tsallaka Gaya ta Nijar na yi arziki na manta da ku. Ba arziki ba ne, a kwance nake.

Abin ya samo asali tun ina yaro muna wanka a kogi. Ranar da na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina, na ruga da kuka wurin Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, wanda masunci ne. Dariya ya yi. "Kukan mi kake? Ka zama namiji ke nan. Duk ɗan ruwa sai ya yi shi."

Haka muka taso. Wanda bai gani ba ma, tsokanarsa muke yi.

Bara, lokacin dashen shinkafa, fitsari ya fara yi mini zafi, mara na ciwo. Na daure. Sai wata safiya ya tsaya cak. Matata Ramatu ba ta nemi shawarata ba, ta kira ɗan kabu-kabu mai babur sai asibiti.

Aka sa mini robar fitsari, aka auna jini da fitsari, aka ɗauki hoton ciki. Likita ya ce, "Tsargiya ce. Tsutsar ruwa ce, ta daɗe tana ɓarna a mafitsararka. Sai an yi aiki."

Aka tura mu babban asibitin Parakou. Injin ban-ruwana muka sayar don kuɗin aikin. Bayan aiki suka yanki tsoka don a duba ko ciwon daji ne. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba. Alhamdulillahi, ba shi ba ne.

Na dawo gida Malanville, an hana ni gona. Daga ni sai waya, ina kallon kokowa har ido ya gaji. Rannan na ji yara a bayan danga suna yi wa wani murnar ya ga ja. Da na leƙa, Nura ne, jikan Kawu Idi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kira Kawu na ce a kai Nura awo. Ya ce, "Kai dai naka ciwo daban ne. Ni ga ni, mi ya same ni?"

Da na ga haka, sai na danna waya na faɗi labarina da bakina, da Hausa da Dendi, tunda yawancinmu ba karatu muke ba. Ban ɓoye komai ba, har robar. Na tura zaurenmu na manoman shinkafa da ke cikin waya.

Abokai suka naɗa ni Sarkin Fitsari. Na karɓi sarautar.

Saƙon ya zaga har garuruwan Madécali da Toumboutou da ke kusa da mu. Muka buɗe zaure na musamman. Wata ma'aikaciyar jinya tana amsa tambayoyi idan ta tashi aiki. 'Yan kabu-kabu, maimakon zaman jiran fasinja, suna ɗauko yara zuwa awo. Ni kuma kullum ina tura wa Kawu duk muryar da ta shigo. Ba ya amsawa, amma ina ganin alamar ya saurara.

Shekaranjiya sai ga muryarsa a zaure, a gaban kowa: "Ni ne Idi masunci. Na kai Nura, an ba shi ƙwayoyi. Ni ma an auna ni, akwai ta. Ni na ce ma ɗan yayata, mai zauren nan, tun yana yaro wai girma ne. Ku bar faɗin haka."

Na saurara, na sake saurara, Ramatu tana kallona ina share ido.

Na gode wa Allah, na gode wa Ramatu da duk wanda ya yi mini addu'a.

Idan ka ga jini a fitsarinka ko na ɗanka, je asibiti, maganin ƙwayoyi ne kawai idan an yi da wuri. Ba za mu bar kogi ba, a nan abincinmu yake, don haka a riƙa komawa awo. Wayar da ke hannunka kuma, tura wannan ga wani kawun.