Malama Gwada-mu-gani da Makullin Ɗakin Kwamfuta

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya, wadda ɗalibanta suka fi sani da Malama Gwada-mu-gani, a watan Maris na shekarar 1971, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan kasuwa. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarta tela, ita ce ta uku cikin 'ya'yansu bakwai. Ta shiga firamare a 1977, ta wuce sakandare a 1983, daga nan ta zarce kwalejin horon malamai, inda ta sami takardar shaidar malanta a 1992.

Aiki da aure

A wannan shekarar aka ɗauke ta koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati, kuma a nan ta yi shekaru talatin da biyu ba ta taɓa neman canjin wurin aiki ba. Duk ɗalibin da ya ce bai iya ba sai ta miƙa masa alli ta ce, “Taso, gwada mu gani,” har maganar ta zame mata suna. A 1994 ta auri wani direban motar asibiti, mutum mai sanyin hali wanda yakan ce shi majinyata yake ɗauka, ita kuwa makaranta guda ta ɗora wa kanta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Ta yi digirinta na farko a 2003, tana goyon na uku.

Zuwan kwamfutoci

A shekarar 2015 wata ƙungiyar agaji ta bai wa makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in. Shugaban makarantar ya sa aka jera su cikin kwalayensu a ɗakin da ke manne da ajin Malama, aka lulluɓe su da yadi, aka buga kwaɗo biyu. A hikimarsa, abin da ba a taɓa ba ba ya lalacewa. Idan manyan baƙi za su zo sai a fito da huɗu, a zaunar da ɗalibai masu tsabtar kaya a gabansu, ko kunna su ba a yi ba, a ɗauki hoto a mayar. Da Malama ta nemi a ba ta su ta koyar, sai ya ce, “Haba Malama, wannan kaya ba na wasan yara ba ne. Kawo mini takardar da ta nuna kin karanci abin, ofishin ilimi su amince da ita, in damƙa miki makulli da hannuna.” Ya faɗa ne don ta gaji ta bari, bai san da wadda yake magana ba.

Digiri na biyu ta intanet

A watan Satumba na 2016, tana da shekara arba'in da biyar, ta sami gurbin karatun digiri na biyu ta intanet a fannin amfani da na'urorin zamani wajen koyarwa a aji. Idan an tashi daga makaranta sai ta zauna a ɗakin malamai, ta jingina wayarta da kwalin alli a jikin tagar da sabis ke kamawa, ta saurari lacca tare da malamai daga ƙasashe dabam-dabam. Ta koyi tsara darasi a kwamfuta, da zana jadawalin lissafi da yaro zai motsa da yatsansa ya ga amsa ta canza, da gano wanda aka bari a baya tun kafin jarrabawa ta tona shi.

Sharaɗin kammalawa shi ne ta ɗauki bidiyon darasin da ɗalibai ke aiki da na'ura. Ta roƙi aron kwamfuta biyar na awa ɗaya, aka hana ta. Saboda haka ta yi darasin da waya guda tana zagaya yara sittin da uku, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu da kwamfuta arba'in. Farfesar da ke duba aikinta ta tambaye ta ko makarantar ba ta da na'ura ne, Malama ta amsa da cewa, “Muna da su, suna hutawa ne.” Ta kammala a 2019 da sakamako mafi daraja.

Shekaru huɗu a ƙofar ofis

Da ta kai takardarta ofishin ilimi, magatakarda ya juya ta gaba da baya ya ce, “Malama, ina takardar izinin tafiya karatu? Ina ta dawowa bakin aiki? Ai mu a nan, wanda bai tafi ba bai yi karatu ba.” Laifinta ke nan, cewa ba ta bar ajinta ko na yini ɗaya ba. Da ta tsere ta bar yara shekara uku ba malami, da tuni an buga mata hatimi har da son barka.

Daga 2019 zuwa 2023 ta yi ta safa da marwa tsakanin makaranta da wannan ofis, fayil ɗinta ya ɓata sau biyu, an ce mata ta dawo jibi sau ba adadi. Abin takaici ne, kuma abin kunya ne ga duk wanda fayil ɗin ya bi ta teburinsa, domin a waɗannan shekaru aji huɗu suka fita daga makarantar ba su san inda ake danna kwamfuta ta kama ba.

Ranar buɗe ɗaki

A watan Oktoba na 2023 ofis ya amince da digirin. Ƙa'idar makarantar ita ce ba a miƙa makulli sai mai karɓa ya sa hannu cewa ya karɓi kaya lafiya. Malama ta riga ta jera ɗalibanta a ƙofar ɗakin suna ta zumuɗi, don haka ta sa hannu a ofishin shugaban ba ta ga kayan ba, ta karɓi makulli ta fito da sauri.

Aka yaye yadi, aka buɗe kwalaye. Shekara takwas ba caji, batiran sun kumbura har sun ɗaga murfi, kamar kwanon da aka cika aka danne. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban yara, har ta arba'in, babu wadda ta kawo haske. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa ranar ce kaɗai aka ga hawayenta a makaranta. Shugaban ya leƙo ya ce, “To, ni dai lafiya lau na ba ki su, ga sa hannunki nan.”

Bayan mako biyu aka aiko mata da takardar tuhuma cewa kwamfutoci arba'in sun lalace a hannunta. Ta rubuta amsa shafi shida, da bayanin yadda batir ke mutuwa idan an ajiye shi, ba wanda ya karanta, sai ma aka aiko da ta biyu. Wanda ya kashe kayan da kwaɗo kuwa, a ƙarshen shekarar aka ba shi lambar yabo ta kula da dukiyar gwamnati. Haka nan ta koma kan allo da wayarta guda, ta ci gaba da koyarwa.

Rasuwa

Hawan jini ya kwantar da ita a watan Mayu na 2024, kuma mijinta ne ya tuƙa motar da ta kai ta asibiti. Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, sha takwas ga watan Yuni, tana da shekara hamsin da uku. An yi mata sallah a ƙofar gidanta, aka binne ta da la'asar a maƙabartar unguwa. Shugaban makaranta ya zo ta'aziyya yana cewa mace ce mai haƙuri. Wannan ba gaskiya ba ne, ba ta haƙura ba ko sau ɗaya, kuma da fushinsu ta koma ga Ubangijinta. Allah ya jiƙanta, ya bi mata haƙƙinta.

Ta bar mijinta, da jikoki uku, da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta ungozoma, mai bi mata makanike, na uku malamin firamare, sai autarta da ke shekarar farko a jami'a. Autar ce ta karɓi takardar tuhuma ta uku daga hannun masinja, kwana tara bayan jana'iza, wadda ke umartar Malama ta bayyana gaban kwamiti ranar Litinin da ƙarfe tara na safe, in ba haka ba a ɗauki mataki a kanta.