Na Ja Karafan Har Yanbu

Maigidana bai taɓa kwana a cikin karafan ɗin ba. Karafan shi ne ɗan gidan nan mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, da gadaje da murhu da ɗan banɗaki a ciki. A Abhur, bakin tekun Jidda, ya samo shi, inda yake gyaran injin kwale-kwale. Wani mai gidan hutu ne ya gaji da shi, ya ce a kawar masa. Maigidana ya jawo shi ƙofar gidanmu a Waziriyya, duk Juma'a in an sauko masallaci yana ciki da guduma. Shiri suke yi da ƙanena: shi zai hau keke daga Jidda har Yanbu, maigidana ya bi shi da mota da karafan, mu iyali mu raka su, in sanyi ya shigo. Kafin sanyi ya shigo, maigidana ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ko da na isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Na yi takaba na fita, na koma aikina na ɗibar jini a wani ɗakin gwaji a Bagdadiyya. Mutane suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne. Na zama kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta: ana taɓawa, ina gani, ba na ji.

Da wani sanyin ya zagayo, ƙanena ya same ni ina yanka albasa.

"Yaya, zan yi tafiyar nan."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Ba mai ja mini karafan."

"Nemi direba mana."

"Ba na son baƙo a kujerarsa. Kina da rukhsar tuƙi, kin kuma iya."

Na ce to. Da cewa ya yi in raka shi kasuwa, wannan amsar zan ba shi, da wannan muryar.

Ya kai ni wani fili ya koya mini komawa da baya. In na juya sitiyari dama, karafan ya nufi hagu. Na yi ta yi har ya ce, "Halas, kin iya." Ranar tafiya muka tashi bayan asuba. Innarmu ta zauna a gaba da carbinta da fulas ɗin shayi, don ta ce ba za ta bari 'ya'yanta biyu su shiga hamada ba ta tare da su ba. 'Yata budurwa tana kujerar baya, ta toshe kunnuwa da waya. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar da amsa.

Ban taɓa sanin mota za ta iya tafiya a hankali haka ba. Ƙanena yana gaba a gefen titi cikin riga ruwan ɗorawa, ni ina biye, fitilun gargaɗi suna ƙyaftawa. Manyan motoci suna wucewa da ƙugi, duk wadda ta wuce sai karafan ya yi layi, in ƙanƙame sitiyari har ya daidaita. Teku tana leƙowa ta hagu, ta ɓace, ta sake leƙowa. Sauran kuwa turakun lantarki ne da ledoji maƙale a ƙaya. In ya ɗaga hannu sai in tsaya, 'yata ta miƙa masa ruwa da dabino, ya haɗiye a tsaye, ya ce "Yalla," mu ci gaba. Wuni guda ina kallon bayansa da ƙafafunsa suna hawa suna sauka. Ban ƙosa ba. Aikin ya dace da ni, don ba ya neman komai sai ido da ƙafa.

Da yamma muka yada zango a bakin ruwa kusa da Rabig. Ranar na fara shiga karafan ɗin sosai. Komai na ciki a daidai tsayin maigidana yake. Ƙugiyar da ya kafa ta rataye tukunya sai na yi ɗage nake kai wa gare ta. Inna ta shigo ta ga haka, ta fita waje ta shimfiɗa dardumarta. Ni kuwa na sauke tukunyar na dafa shinkafa. Ta yi gishiri daidai, kowa ya ci.

Washegari, bayan Rabig, iska ta taso daga arewa, tana bugun ƙanena a ƙirji. Yana taka feda da dukan ƙarfinsa, keken kamar an riƙe shi ta baya. Wajen hantsi ya ɗaga hannu, ya zo tagata yana haki.

"Yaya, ki wuce gaba. In na lafe a bayan karafan zai tare mini iska."

Inna ta ce, "A bayansa? Ta ina za ta gan ka?"

"Zan kira waya, mu bar ta a buɗe. Ke dai, Yaya, kada ki ƙara gudu, kada ki rage."

Inna ta ce ba ta yarda ba. Ya ce in ba haka ba tafiya ta ƙare a nan. Suka juyo suna kallona. Na ce to.

Na wuce gaba. A madubi ba na ganin komai sai farin bangon karafan. 'Yata ta cire abin kunnenta ta riƙe wayar a tsakaninmu, numfashinsa ya cika motar. Lokaci-lokaci ya ce, "Haka, Yaya, haka." Mun yi nisa a haka, har Inna ta saki jiki ta zuba shayi. Gab da Mastura sai ga wani ƙaton ɓallin tayar tirela kwance a gabana. Ta hagu wata mota tana tahowa. Na taka birki.

Muka ji dum a baya. Wayar ta yi shiru.

Inna ta saki salati, shayi ya zube mata a cinya. 'Yata ta ɓalle ƙofa tana ihu, "Khali! Khali!" wato kawu. Ni na kashe mota, na ja birkin hannu, na ɗauko akwatin magani a ƙarƙashin kujera, sannan na taka zuwa baya. Takawa na yi, ban ruga ba.

Yana zaune a kan tsakuwa, haɓarsa ta tsage, jini ya ɓata gaban rigar. Tayar keken ta gaba ta lanƙwashe. Na tsuguna na duba idanunsa, na sa ya motsa hannuwa da wuya, na wanke ciwon na danna auduga. Inna tana tsaye a kanmu tana faɗa. "Halas! Gida za mu koma. Na binne suruki, ba zan binne ɗa a kan keke ba."

Sai ƙanena ya fashe da kuka, irin wanda ban ji ya yi ba ko ranar jana'iza. Ya nuna wajen garin da hannu. "A can muka ce za mu ci kifi, ni da shi. Ya ce shi zai zaɓa." Inna ta daina faɗa ta zauna a ƙasa, ita ma ta kama. 'Yata ta rungume ta. Su uku suna kuka a gefen titi, iska tana watsa mana yashi, ni ina riƙe da auduga.

Ya dube ni da jajayen idanu. "Yaya, ke ba kya jin komai ne?"

Na ce, "Ɗaga haɓarka."

A wani ƙaramin asibiti a Mastura aka yi masa ɗinki. Daga nan muka tafi wurin masu kifi, Inna ta zaɓa, aka soya mana. Shi da ƙyar yake tauna. Inna ta yanke hukunci a kan tabarmar cin abincin: in zai ci gaba, to a gaban mota, inda idonta zai gan shi, kuma sai iska ta kwanta. Muka zauna jira. Ya sa tayar da ya zo da ita ta ajiya, 'yata tana riƙe masa keken. Da iska ta lafa muka kama hanya kamar da, shi a gaba da farin filasta a haɓa.

Sai washegari da la'asar muka shiga Yanbu. Abokansa biyu na hawan keke sun zo da mota tun daga Jidda suna jiransa a bakin teku. Suka tafa, suka ɗaga shi sama, aka ɗauki hoto. Ina cikin hoton, a ƙarshen layi, riƙe da makullin mota.

Dawowa ba ta ɗauke mu ko wuni ba. An ɗaure keken a cikin karafan, mai shi yana barci a kujerar baya, bakinsa a buɗe. A ƙofar gida ya sauka ya kwance ƙugiyar, muka zubar da ruwan tanki, muka kwashe tukwane.

Da yamma maƙwabta suka shigo yi mana barka da dawowa. Inna ce ta ba da labari. A bakinta ɓallin tayar ya kai girman raƙumi, jinin kuwa har ya kwarara kan kwalta. Wata ta juyo ta tambaye ni ko ban tsorata ba. Na ce Allah dai ya tsare, na ƙara mata shayi.